Babanmu, Mai Tanis na Bakin Kanal

Ranar sadakar ukun Baba, muna zaune a tsakar gida tare da mata 'yan gaisuwa, sai yara suka shigo a guje suna cewa wata bas ta tsaya a ƙofar gida cike da 'yan ƙwallo. Na leƙa ta zaure. Samari ne, wasu daga cikin Kano, wasu daga Kaduna, har da na Abuja. Kowa ya sa doguwar riga saboda girman ranar, amma takalman wasa ne a ƙafarsu. Suka durƙusa gaban liman da ƙannen Baba suka yi gaisuwa, sannan suka samu wuri a tabarma tsakanin manoman tumatir da masu casar shinkafa. Ba a jima ba sai na ji dariya ta tashi a wajen maza. Ashe wani ne daga cikinsu yake kwatanta yadda Baba yake buga sabis, wato bugun fara wasa a tanis, da wannan ɗan tsallen nasa kamar mai ƙetare lambatu.

Goggo, yayar Baba, ta girgiza kai. Ta ce, "Ikon Allah. Mutum da furfurarsa, ya ƙare rayuwa yana bin ƙwallon da bai fi lemon tsami ba, ga shi har a makokinsa dariya ake."

Inna tana zaune a kusurwa cikin mayafin takaba. Ta ɗago ta ce, "Ki ƙyale su, Yaya. Da yana nan, shi zai fi kowa ƙyaƙyatawa."

Mutum ɗaya ne na ga bai yi dariya ba. Aminin Baba ne, wanda muka taso muna kira Baffa. Mutumin Filato ne, Kirista, makaniken injin ban ruwa a Kadawa. Yana can ƙarshen tabarma, ya cire hularsa ya ɗora a gwiwa, duk wanda ya zo ya gaishe shi sai ya ɗaga kai kawai. Mutane da yawa bayan sun yi wa ƙannen Baba gaisuwa sai su wuce wajensa su yi masa tasa, kuma babu wanda ya ga abin mamaki a ciki.

Ni ce babbar 'yar Baba. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, shi ya sa bai taɓa kira na da komai ba sai Uwata. Na yi ta neman yadda zan rubuta wannan cikin sanyin murya irin ta masu makoki, na kasa, domin Baba ba mutum ne mai sanyin murya ba. Zan faɗi abin da na sani yadda ya zo mini.

Direban tarakta ne tun yana saurayi, lokacin da ake haƙa kanal-kanal ɗin nan da suka mayar da yankinmu kore rani da damina. A kwatas ɗin injiniyoyi da ke Kadawa akwai filin tanis na siminti. Ya sha ba mu labarin yammacin da yake wanke tarakta a gefen filin, injiniyoyi uku suka fito wasa, na huɗunsu bai zo ba, sai suka miƙa masa raket, abin buga ƙwallon. Ya ce bugun farko da ya yi, ƙwallon sai a cikin kanal, aka bi shi da gora. Amma tun daga ranar abin ya shiga ransa. A wannan filin ya haɗu da Baffa, wanda shi ma aka taɓa jawo shi don cike gurbi. Da injiniyoyin suka tafi, suka bar musu fili da tsohuwar raga, su biyun suka ci gaba.

Filin ya tsattsage da tafiyar shekaru, mata masu turara shinkafa suka mayar da shi wajen shanya. Wasu suka ce Baba ya kai ƙara wajen mai gari a kore su. Ya ƙi. Ya je ya same su ya ce daga safe zuwa la'asar filin nasu ne, daga la'asar zuwa magariba nasa ne, kuma duk yaron da yake son taɓa raket sai ya taya su kwashe shanya ya kai musu buhu har bakin hanya. Haka aka yi ta yi. Har yau a cikin 'yan wasan da suka fito daga hannunsa babu wanda bai iya ɗinke bakin buhu ba. Ragar kuwa da komar masunta yake facinta, layukan fili kuma da farar ƙasa yake ja da hannunsa, yana yi yana faɗa da awaki.

Baba ba ya son wasan ɗaiɗai, inda mutum ɗaya ke fuskantar mutum ɗaya. Yakan ce wasan marowata ne. Nasa shi ne wasan bibbiyu, biyu nan biyu can. Yana da doka guda da yake maimaita wa yara har sun haddace: in abokinka ya ɓarar da ƙwallo, kada ka juya ka kalle shi, ka kalli raga. Ya ce mutumin da ya yi kuskure ya riga ya sani, idonka ba zai ƙara masa ilimi ba. A gida ma haka yake. In Inna ta ƙona tuwo, sai ya ci ya ce yau miya ta yi daɗi.

Ƙanena, autanmu, shi ya gaji hannunsa, har ya fi shi nesa ba kusa ba. Tun suna yara Baba ya haɗa shi da ɗan Baffa, suka zama abokan wasa. Auta dogo ne, sabis ɗinsa kamar harbi. Ɗan Baffa gajere ne, sabis ɗinsa ba ƙarfi, amma in ya tsaya a bakin raga hannunsa ya fi na mai cafe kifi sauri. Auta ya yi ta zuwa gasa a jihohi, sunansa ya fara fita. Ɗan Baffa kuwa rabin ransa yana garejin mahaifinsa, sai da yamma yake wanke baƙin mai ya zo fili.

Rigimar da ban taɓa ganin irinta a gidanmu ba ta taso ne a tsakiyar kakar tumatir, shekarar da aka shirya gasar ƙwararru a Abuja, irin wadda 'yan wasa ke zuwa daga ƙasashen waje don neman maki a jerin duniya. Masu shirya gasar suka ba Auta gurbin alfarma a wasan bibbiyu na maza, suka ce ya zaɓi abokinsa. Kafin yamma wani ɗan wasa daga Legas, wanda ya riga ya yi suna har yana da maki a waje, ya kira shi ya ce su haɗu.

Auta ya faɗa wa Baba muna cin abinci, yana murna. Baba ya ajiye cokali ya ce, "Ɗan uwanka fa?"

Auta ya ce, "Baba, wannan ba gasar Kano ba ce. Sabis ɗinsa ba zai rayu a can ba. Irin wannan damar sau ɗaya take zuwa, kuma ni ba yaro ba ne yanzu."

Baba ya ce, "Wanda ya yi ta tsince maka ƙwallo cikin ciyawa tun ba ka kai tsawon raga ba, shi za ka ajiye a bakin ƙofa?"

Auta ya tashi ya bar abincin. Washegari labari ya kai Kadawa, sai ga Baffa a kan babur ɗinsa, ko gama kashe shi bai yi ba ya fara magana. Muka ɗauka ya zo taya Baba faɗa ne. Ashe Baban ya zo yi wa faɗa.

Ya ce, "Kai wane irin taurin kai ne da kai? Yaron nan Allah ya buɗe masa hanya, za ka ɗaure masa ƙafa da ɗana? Ɗana yana da sana'a. Ba ya neman a tausaya masa."

Baba ya ce, "Ba tausayi ba ne. Ɗanka ya fi duk wanda na taɓa gani a bakin raga, kai ne ba ka san darajarsa ba."

"Ni zan faɗa maka ɗana, ko kai za ka faɗa mini?"

"Ni na koya masa."

Suka yi ta yi a ƙofar gida, kowa yana kare ɗan ɗan'uwansa yana kushe nasa, har maƙwabta suka fito. Baffa ya hau babur ya tafi ba sallama, abin da bai taɓa yi ba. Da yamma filin ya zama ba kowa, matan shinkafa suka kwashe shanyarsu da kansu suna tambayar ko lafiya.

Inna ce ta kira Auta ɗakinta. Ban san duk abin da ta ce masa ba, amma na ji ta ce babu wanda zai yi masa baki ko wanne ya zaɓa, sai dai in zai bar ɗan Baffa, ya je da ƙafarsa ya faɗa masa ido da ido, kada ya aika ta waya. Auta ya tafi Kadawa da niyyar faɗa masa. Ya same shi a gareji ya zauna yana sake wa raket ɗin Auta zare, domin ya riga ya ji labari, yana so ya tafi Abuja da raket mai kyau. Auta ya dawo gida fuska a murtuke ya ce wa Baba, "Da shi zan je. Amma in aka yi mana dariya, kai ka jawo."

Baba ya ce, "Na ɗauka."

Baba bai taɓa barin gonarsa ana tsinkar tumatir ba sai wannan karon. Ya damƙa wa maƙwabcin gonarsa, ya fito da babbar rigarsa ta sallah. Ni aka haɗa da shi saboda ciwon suga, in riƙa ba shi magani da hana shi shan lemo. Baffa ya zo tasha da ƙaramar jakarsa kamar ba a yi komai ba, ya zauna kusa da Baba. Kafin mu kai Zariya sun koma musu a kan wanda ya fi wani iya tuƙi.

Da muka shiga wajen gasar, Baba ya tsaya cak yana kallon filin, shuɗi, sumul, layukansa fari tas. Ya roƙi mai gadi ya bar shi ya matsa. Ya tsuguna da babbar rigarsa ya shafa ƙasan da tafin hannu, ya juyo ya ce, "Uwata, zo ki gani. Ko tsaga ɗaya babu."

Abokan karawar su Auta, ɗaya Bature ne ɗaya Ba'indiye, dukansu dogaye, kowa da jakar raket kamar zai yi hijira. Aka fara. Zubin farko bai ɗauki lokaci ba, suka cinye mu. Duk sanda ɗan Baffa ya buga sabis, sai su dawo masa da shi kamar mari. Na ga Auta ya juya ya harare shi sau ɗaya, ya sake juyawa. A wajen tanis ba a hayaniya in ana wasa, alƙali ya riga ya ja wa Baba kunne tun farko, har ya koma cusa bakin hannun rigarsa a baki don ya riƙe murya. Amma da yaran suka zo wucewa ta gabanmu za su canza gefe, sai ya sunkuya ya ce a hankali, "Auta, raga tana gabanka."

Auta bai ɗago ba. Amma da suka koma, na ga ya je ya dafa kafaɗar ɗan Baffa ya yi masa raɗa.

Daga nan wasa ya canza. Suka daina gwada ƙarfi da mutanen da suka fi su ƙarfi. Auta ya koma baya yana ɗaga ƙwallo sama ta kan dogayen nan, su juya su bi shi da gudu, in sun dawo da shi da ƙyar sai su tarar ɗan Baffa ya riga ya tsaya a bakin raga yana jira. Yana taɓa shi kaɗan, ƙwallo ya faɗi can gefe inda ba kowa. Da Hausa suke kiran dabararsu a fili, ba ɓoyewa. Auta ya ce "tsallaka," ɗan Baffa ya ce "bar mini," Bature yana kallon Ba'indiye. Jin Hausa a cikin fili ya jawo mutane. Mai suya na bakin ƙofa ya bar tukubarsa, masu gadi suka matso, direbobi da masu sayar da ruwa suka cika bayanmu. Wani ya tambaye ni 'yan ina ne, na ce 'yan Kura da Kadawa. Ya juya ya faɗa wa na bayansa, na ji maganar tana tafiya har ƙarshen benci.

Suka ci zubi na biyu da ƙyar. Aka shiga bugun raba gardama, wanda duk ya fara kai maki goma da ratar biyu shi ya ci. Mu ci ɗaya, su ci ɗaya. Baffa ya kasa kallo, ya rufe fuska da hula yana tambayar Baba me ya faru. Baba yana ba shi labari da raɗa mai ƙarfin da duk layinmu ke ji. Aka kai tara da tara. Auta ya buga sabis ɗin da Bature ko motsi bai yi ba. Saura ɗaya.

Sai sabis ya koma hannun Ba'indiye. Auta ya mayar, Bature ya tare, Auta ya sake ɗagawa sama, amma wannan karon bai yi nisa ba. Bature ya ja baya ya ɗaga raket zai kwaɗa shi da dukkan ƙarfinsa, kuma ɗan Baffa ne a gabansa. Kowa ya ɗauka zai kauce, domin irin wannan bugun yana fasa baki. Bai kauce ba. Ya durƙusa ya kafa raket a gaban fuskarsa, ƙwallon ya daki zaren ya koma, ya taɓa saman raga, ya yi kamar zai tsaya, sannan ya gangara ɓangaren su Bature.

Baba ya saki hannun rigar ya yi kabbara da muryar da yake kiran ma'aikata daga wancan ƙarshen gona. Hularsa ta faɗa layin ƙasa. Baffa ya rungume shi, tsofaffi biyu suna tsalle a kan benci, ni ina riƙe da rigar Baba ina cewa ya zauna saboda Allah. Mai suya ya rantse ba za mu bar wajen ba sai mun ci tsirensa. A cikin fili kuwa Auta ya ɗaga ɗan Baffa sama kamar buhun albasa yana juyi da shi. Baba ya sha lemo kwalba guda a gabana, na ƙyale shi.

Washegari aka haɗa su da ɗan Legas ɗin nan, wanda ya samu wani abokin. Suka yi mana cin da ba gardama a ciki, daga baya ma har wasan ƙarshe suka kai. Da gari ya waye muka kama hanyar gida a mota. Mun wuce Kaduna Auta ya ce, ba tare da ya kalli kowa ba, "Da da ɗan Legas na je, da yanzu ina can."

Na ɗauka Baba zai yi faɗa. Sai ya ce, "Gaskiya ne. Tun jiya nake tunaninsa. Wataƙila na tauye ka, Auta. In na tauye ka, ka yafe mini."

Ban taɓa jin uba ya faɗa wa ɗansa haka ba, balle a gaban mutane. Direba ma sai da ya rage rediyo. Auta ya juya ya kalli taga. Can ya ce, "Da na bi shi, shi za a ce ya ci, ni ɗan rakiya. Na shekaranjiya kuwa mu muka ci." Ɗan Baffa yana kujerar baya ya yi kamar barci yake, amma na ga yana share ido da gefen rigarsa.

Auta bai zama shahararren ɗan wasan duniya ba, kuma ba zan ce na san abin da zai faru da ya zaɓi ɗaya hanyar ba. Yanzu yana koyar da tanis a Kano, yana dawowa gida ƙarshen mako. Baba bai sake zancen tauyewar ba, amma labarin wancan ƙwallon na ƙarshe ya ba da shi a kasuwar Bunkure, ya ba da shi a wajen ɗaurin aure a Madobi, ya ba likitan da ke duba shi har likita ya manta da allurar da ya zo yi. Kowace bayarwa sai Baturen ya ƙara tsawo.

Jinyarsa ba ta yi tsawo ba. Ƙafa ce ta fara, sannan jiki ya bi. Ya rasu da hantsi, Inna tana gefensa, da kalmar shahada a bakinsa.

Bayan an yi addu'ar bakwai, mutane sun ragu, Baffa ya shigo ya gaida Inna daga bakin ƙofa. Na kawo masa ruwa a zaure. Don in ɗebe masa kewa sai na ce, "Baffa, kai da Baba kofi nawa kuka ci a zamaninku?"

A karon farko tun rasuwar ya yi dariya. Ya ce, "'Yata, ko ɗaya. Ko na ƙaramar hukuma ba mu taɓa ci ba. Babanki sabis ɗinsa ba ya shiga, ni kuma ba na iya gudu. Kowa ya ce masa ya canza ni, ni ma kowa ya ce in canza shi."

Na ce, "To me ya hana?"

Ya juya kofin ruwan a hannunsa. Ya ce, "In la'asar ta yi, shi nake so in gani a gefena. Shi ke nan." Sannan ya ce, "Jiya ma na rufe gareji na tafi filin. Na zauna a kan dutsen nan ina duban hanyar Kura, ina cewa yau kuma mutumin nan ya makara. Sai da na ji kiran magariba na tuna."

Ya ajiye kofin, ya sa hularsa, ya tura babur ɗinsa har bakin titi kafin ya tayar, don kada ƙara ta dami masu makoki.

Ya Allah, bawanka ne ya zo maka. Ka gafarta masa abin da muka sani da wanda ba mu sani ba, ka yalwata masa makwanci, ka haskaka shi. Ka ba Inna haƙuri, ka ba mu, ka ba tsohon da ya bari a Kadawa. In tamu ta zo, ka sa mu cika da imani. Amin.